Nomau da Markaɗen Yaya Hansai

A ƙauyen Rafin Gawo akwai wani gida da mutum biyu kaɗai suka rage a cikinsa, Hansai mai waina da ƙaninta Nomau. Nomau har ya fara furfura a gemu, amma magana a wurinsa ba ta da ciki ba ta da baya, yadda ta fito daga bakinka haka zai aikata ta. Tun da iyayensu suka rasu yake hannun Hansai. Shekarun da ta yi zaune a gaban tanda suka tara mata jiki, gwiwoyi suka gaza, hawan jini ya shigo, ta ajiye sana'a, salla ma sai a kan kujera. Malamar asibitin garin ta gaya mata gaskiya, in ba ta rage ƙiba ba, ƙafafun nan za su ajiye ta gaba ɗaya. Tun daga ranar, duk sa'ad da ta kalli Nomau sai ta shiga damuwa, don ba ta san wanda zai riƙe shi ba in ta kwanta.

Wata rana 'yarta Balaraba ta zo daga birni da wani ɗan injin markaɗe mai caji. Ta yanka ayaba da gwanda da kankana, ta zuba nono, ta markaɗa, ta ce, "Inna, sumuti ke nan. Da shi matan birni suke zubar da teɓa." Ta juya ga Nomau ta ce, "Kawu, daga gobe wannan ne zai zauna a wurin abincin rana." Ta koma gidan mijinta. Washegari Nomau ya markaɗa, ya janye kwanon dambu gefe, ya dasa kofin daidai inda kwanon yake zama. Hansai ta miƙa hannu, ya tare. "Yaya, zama aka ce ya yi." Ta ce, "To ni me zan ci?" Ya ce, "Ga dambu nan, shi ba a ce masa komai ba." Ta cinye dambu, kofi yana zaune, Nomau yana kore masa ƙudaje har ya yi tsami.

Wata rana Balaraba ta kira a waya, ta ji labari, ta yi salati. "Sha za ta yi, Kawu! Kofi ɗaya, kuma ban da sukari." Nomau ya ɗauki gwangwanin sukari ya kai maƙwabta ajiya. Da ya ɗanɗana markaɗen ya ji salam, sai ya tausaya wa yayarsa, ya zuba zuma da dabino da madara, ya ƙara garin ƙuli-ƙuli don ya yi kauri. Kofi kuwa ɗaya ne, da ta shanye sai ya sake cika shi, tun hantsi har la'asar. Maƙwabciyarsu Tabawa ta miƙo wani kofin don ta ɗanɗana, ya hana, ya ce ɗaya aka ce. Hansai ta san ba haka ake nufi ba. Amma abin sha ba ya daɗewa a ciki, kafin ta ajiye kofin yunwa ta dawo, sai ta ci gaba da karɓa. Ranar awo ta hau sikeli, malamar ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Inna, ƙaruwa kika yi. Abinci ko an markaɗa shi abinci ne." Hansai ta sauko. A kan babur, tana komawa gida, hawaye suka jiƙa mata mayafi.

Wata rana malamar ta ce a rage zaƙi, a yawaita ganye, wanda ya yi kore shar. Nomau ya zaga gari yana gwada ganye da ganye, bai ga wanda ya kai na dogonyaro kore ba. Ya tsinko, ya markaɗa, ya kawo. Hansai ta ji ɗacin tun daga wari, amma ta gaji, ta ce wataƙila waraka a ɗacin take, ta rufe ido ta shanye. Ta wuni tana amai. Daga nan ta ɗauki fushi da abinci gaba ɗaya, ba tuwo ba dambu, sai ruwan kankana safe da rana da yamma. Jiri ya fara ɗibarta. Ran nan ta fito alwala, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Da ƙyar ta ce, "Nomau, kira mutane." Ya je ƙofar gida ya tsaya, ya gyara murya, ya ce, "Mutane." Ya dawo ya tsuguna ya ce, "Na kira, Yaya." Allah ya taimaka, Tabawa ta ji faɗuwar ta bayan katanga.

Da mata suka taru suka ciccibe ta zuwa ɗaki, Tabawa tana haki ta ce nauyin nan shi zai kashe ta. Bayan sun watse, Nomau ya matso ya ce, "Yaya, ina nauyin yake in ɗauke miki?" Hansai tana kwance, ga ciwo ga kunya, sai bakinta ya riga ta. "Kai ne nauyina, Nomau. Kai ne." Ya gyaɗa kai.

Da gari ya waye babu Nomau. Masu zuwa lambu suka gan shi can bakin fadama, zaune a gindin tsamiya da ƙullin kayansa. Mai unguwa ya aika, ya ƙi tashi. Liman ya je da kansa, Nomau ya ce masa, "Ina rage wa Yaya nauyi ne, Malam." Da labari ya iso, Hansai ta sa Tabawa ta dama mata kunu ta sha, don ta san da ciki wayam ba za ta kai ba. Ta ɗauki sanda. Rabonta da ta wuce masallaci da ƙafa har ta manta. Ta riƙa tafiya tana zama a dakalin mutane, gwiwa kamar ana soka mata allura, har ta isa. Nomau ya ɗaga kai ya dube ta ya ce, "Yaya, kin ragu?" Ta zauna a saiwar tsamiya har numfashinta ya dawo, ta ce, "Yau dai ka tashi mu koma gida." Ya ɗauki ƙullinsa ya bi ta.

Kashegari ya sake komawa gindin tsamiya, don "yau" kaɗai aka ce masa. Ta sake cin abinci kaɗan, ta sake ɗaukar sanda. Haka jibi, haka gata. Kafin damina ta faɗi, dakalan da take hutawa a kai sun ragu, malamar ta auna jini ta ce ya sauka, sikeli ma ya ɗan matsa baya, ba da yawa ba. Balaraba ta ce aikin sumuti ne, Hansai ta bar ta a haka.

Tabawa ta ce wa Hansai, "Ki ce masa ya dawo ke nan har abada mana, ki huta." Hansai ta ce ta sani, amma zuwa ɗauko shi ne yake fitar da ita tafiya. Gwiwar ba ta warke ba, kuma tana gani a ranta akwai safiyar da zai zauna a gindin tsamiyar nan har rana ta faɗi ba wanda ya zo. Ta gyara ɗaurin zani, ta lalubi sandarta, ta fita. Da ta isa ya ce, "Yaya, kin ragu?" Ta ce, "Da saura. Yau dai ka tashi mu koma gida."