Kazar da ta sallame ni

Ranar da na faɗo daga babur a hanyar Manga, tafin hannu na kafa a ƙasa, sai wuyan hannun ya karye. A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ja ƙashin ya koma mazauninsa, ya naɗe da filasta, ya ce kada in taɓa sai ya sake ganina.

Kawuna bai gamsu ba. Ya kawo mai ɗori, wanda ya karya ƙafar wata jar kaza ya ɗaure da kara, ya ce ranar da ta taka, ƙashina ya haɗe. Ni malamin makaranta ne, don haka na yi dariya. Amma kullum sai na leƙa akurki.

Wata safiya na ga jar kaza tana gudu a tsakar gida, ko ɗingishi babu. Na ɗauko zarto na yanke filastar, na ɗaga jarkar ruwa don matata ta shaida. Ihun da na yi ne ya tara maƙwabta.

Likita ya dubi hannun da ya sake karkacewa, ya ce, “Malam, wa ya sallame ka?”

Na ce kaza.

Matata ta ce, “Ba ma tamu ba ce, likita. Ta maƙwabciyarmu ce, Maman Ngozi. Tamu tana kwance.”

Na rasa wadda zan ba laifi cikin kajin biyu.

Har yau, ko mura na yi, sai abokan aikina su tambaye ni ko na samu ganin likitata, ko tana kwancin ƙwai.