Gyale Ɗaya, Bajo Biyu

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Juma'a a watan Satumban 2014 ba, ranar da siyasar ƙasar da ban taɓa takawa ba ta tona mini asiri a falon mutane.

Gara in fara da faɗin halina. Kafin in zo New York ni 'yar siyasa ce a unguwarmu a Kano, irin masu tara mata ranar gangami. A akwatina akwai atamfar kowace jam'iyya, kuma ban taɓa ganin aibun haka ba. Ɗan takarar da ya zo da safe mu yi masa guɗa, wanda ya zo da yamma mu taka masa rawa, ranar zaɓe kuwa kowa da Ubangijinsa. (Mu a wurinmu sunan wannan iya zama da mutane.)

A nan kuwa aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu. Maƙwabciyata a unguwar Mount Hope, Anti Rabi, mutuniyar Kumasi, ita ta yi mini hanyar wani gida can arewacin Bronx, na wasu tsofaffi mata da miji 'yan asalin Scotland. Mijin nake kira Baba, matar Mama. Baba ya yi shanyewar ɓarin jiki. Aikina in ɗaga shi, in ba shi magani, sannan in sa shi ya yi 'yan taku daga gado zuwa taga.

"Ki yi hankali fa," in ji Anti Rabi muna jiran bas a Fordham Road. "Tsohon nan ya kori mutum uku. In bai yarda da ke ba, ko ruwa ba ya karɓa a hannunki. Ki yi shif ɗinki, ki kama bakinki, ki dawo gida, finish."

Na ji, amma kama baki ba ya cikin abin da na gada. Cikin wata biyu na shawo kan Baba. Takun nan shi ne abin da ya fi tsana, domin ya riga ya yanke ƙauna da ƙafarsa. Abu ɗaya ke tayar da shi: in na dube shi na ce, "Baba, yau ka fi jiya." Likita ya faɗa ya yi tsaki, matarsa ta faɗa ya ce lallashi ne, ni kaɗai yake yarda da bakina. Kuma a wannan maganar, Allah shaida, ban taɓa yi masa ƙarya ba.

Ana nan sai batun ƙuri'ar raba gardama ya taso, ko Scotland ta ɓalle daga Birtaniya ko ta zauna. Gidan ya rabu biyu. Baba na 'yan Eh ne, masu son ɓallewa. Ya bar jam'iyyarsu ta gado saboda ta haɗa kai da tsohuwar abokiyar gabarta don a hana 'yancin, ya ce shi ba ya cin abinci kwano ɗaya da waɗanda suka rufe masana'antar da ubansa ya yi wa aiki. Mama kuwa 'yar A'a ce, tana nan daram a jam'iyyar, ta ce ba a rushe gida don ɗaki ɗaya yana yoyo. Abin dariyar, duk cikinsu ba mai ƙuri'a, tunda mazauna ƙasar kaɗai aka yarda su jefa. Hakan bai hana su daina cin abinci tare ba.

Wata rana Baba ya tambaye ni ra'ayina. Ni da ko a taswira sai an nuna mini ƙasar, na gyara murya na ce ai mu ma mun karɓi namu 'yancin a hannun Turawan Birtaniyar nan, kuma babu abin da ya kai mutum ya riƙe gidansa. Ya yi murna har ya ba ni wani ɗan bajo shuɗi mai rubutun Eh da ɗan'uwansa ya aiko masa. Da na fita kicin Mama ta tare ni da tambaya iri ɗaya. Na ce ai mu mun ga abin da yaƙin a-ware ya jawo, haɗin kai ya fi komai. Ita ma ta jawo aljihun tebur ta ba ni nata bajon na A'a.

Sai tsohuwar sana'a ta motsa. Na maƙala na Baba a wannan bakin gyalena, na Mama a ɗaya bakin. In zan shiga ɗakinsa sai in jefa ɓangaren A'a bayan kafaɗa, in zan shiga kicin in juya. Sati uku ina wannan, har ina yaba wa kaina a cikin bas. (Na ma ba Anti Rabi labari ina dariya. Ta dube ni ta ce, "Hmm.")

Aka yi zaɓe ranar Alhamis. Da na iso Juma'a da safe an riga an faɗi sakamako, 'yan A'a sun yi nasara. Na shiga da shirin in yi wa Mama barka a kicin, sannan in wuce ɗaki in yi wa Baba jaje. Sai na tarar da abin da ban taɓa gani ba: su biyun a falo ɗaya. Ta turo shi a kekensa gaban talabijin, ta zauna gefensa, hannunta a kan nasa. Babu murna a fuskarta, shi kuwa idanunsa sun yi ja.

Na tsaya a ƙofa na tattara bakin gyalen duka biyu na jefa baya. Baba ya miƙo mini hannunsa mai lafiya.

"Zo, 'yata," ya ce. "A gidan nan ke kaɗai kika san abin da nake ji."

Mama ta ɗago kai ta dube ni da mamaki. Ni kuma na sunkuya in kama hannunsa, gyalen ya zame. Baki biyun suka faɗo gabana suna reto, Eh a dama, A'a a hagu, daidai hancin Baba.

Na so in ce wanki ne ya haɗa su, sai na tuna ba a wanke bajo. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige.

Mama ce ta fara magana. Ba ta ɗaga murya ba. "Shekara hamsin da ɗaya ina faɗa da mutumin nan," ta ce, "ban taɓa gyaɗa masa kai a kan abin da ban yarda da shi ba."

Baba ya daɗe yana kallon bajon nasa. Sannan ya ce, "To, ke a wane ɓangare kike?"

A karo na farko a rayuwata aka tambaye ni ra'ayina da gaske, na laluba na tarar babu.

Ba su kore ni ba. Na ƙara shekara biyu a gidan, ana gaisawa, ana ba ni shayi. Amma ranar Litinin da ta biyo baya Baba ya yi taku tara zuwa taga, abin da bai taɓa yi ba tun da ya kwanta. Na tafa hannu na ce, "Baba, wallahi yau ka fi kullum!" Bai ko dube ni ba. Ya juya wajen ƙofa ya ƙwala wa matarsa kira, ya ce, "Zo ki ƙirga mini." Haka aka ci gaba har na bar gidan, ni ke riƙe shi, ita ke faɗa masa ko ya fi jiya. Wannan ya yi mini ciwo fiye da kora.

Ashe wanda ya saba ce wa kowa "ina tare da kai", ranar da zai faɗi gaskiya sai an nemo masa shaida.