Rasuwar Sarkin Ƙofa, Mai Tsaron Asirin Jini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargabar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Sa'ida Mikail, mai ɗakin gwajin jini da ke lungunmu a Gwammaja, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Sarkin Ƙofa. Ya cika ranar Alhamis tsakanin azahar da la'asar, bayan shekara shida yana tsaron asirin bayin Allah.

Ga wanda bai san marigayin ba, wani ɗan akwatin ƙarfe ne baƙi, bai fi sabulun wanki girma ba, da 'yar fitila koriya a goshinsa. Kwamfutocinmu uku ne, amma ma'ajiyarsu ɗaya ce, kamar gidan gandu mai rumbu guda. Duk abin da aka rubuta a kowace, can yake zuwa ya kwanta. Marigayin shi ke zaune a bakin rumbun, makullai na cikinsa. Kwamfutar Rahma, mai karɓar mutane, tana ganin suna amma ba ta ganin sakamako. Ta Ɗalha, mai auna jini, tana ganin lamba da sakamako amma ba ta san mai su ba. Tawa kaɗai yake bari ta haɗa suna da abin da jini ya faɗa.

Marigayin mai riƙon amana ne. Masu shirin aure sun zo mana, masu juna biyu sun zo, dattawan da ba sa son iyalinsu su san ciwon da ke cinsu sun shigo ta ƙofar gefe suna rufe fuska da rawani. Bai taɓa tona kowa ba. Ba ya sanayya, ba ya jin kunyar babba. Ni kaina da na saye shi, ranar da na manta lambar sirrina ya hana ni shiga har yamma. Maganarsa kaɗan ce. Da safe in an kunna shi sai ya ce "ƙit", sau ɗaya, ya yi shiru. In kuwa wata kwamfuta ta miƙa hannu inda ba nata ba, sai ya ce "tii, tii, tii". Kafin rashin lafiyarsa, a shekara shida ban ji wannan kukan ya wuce sau uku ba.

Rashin lafiyarsa ta fara ne kusan makonni biyu da suka wuce. Wani alhaji, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya zo neman sakamakon yarinyar da ƙanensa zai aura.

"Hajiya, ai ni ba baƙo ba ne," in ji shi. "Leƙawa kawai zan yi."

Na ce, "Alhaji, takarda ta mai ita ce. In ta ga dama ta nuna muku."

Bai yi fushi ba. Ya dubi marigayin a kan kanta, ya yi murmushi, ya ce, "Badala ma da tsayinta, yau awaki ke hawa." Ya gyara babbar rigarsa ya fita.

Kwana biyu bayan haka kukan ya fara. Sau ɗaya ranar Litinin, sau huɗu ranar Laraba, kullum da rana tsaka lokacin da nake ɗakin ɗibar jini. Kafin in fito ya yi shiru, kowa na kan aikinsa. Na ɗora wa wuta laifi, na ɗora wa zafi. Injiniya Mustapha na Shahuci, wanda ya haɗa mana shi tun farko, yana Maiduguri wajen biki. Ya ce mini a waya kada in bar marigayin shi kaɗai har ya dawo. Na ji, amma ban riƙe ba. Ranar Alhamis na tsallaka gidan mahaifiyata na yi salla, na ci abinci, ban fi minti arba'in ba. Na dawo na tarar da fitilarsa a mace, an yanke hatimin da ke murfinsa, ƙusoshi biyu na yashe a ƙasa.

Da Mustapha ya dawo ya daɗe yana juya gawar a hannunsa.

"Hajiya, ba kashe shi aka yi ba," in ji shi. "Haka aka ƙera shi. In ya ji an ɗaga murfinsa, sai ya shafe makullan ya mutu da su."

Na ce, "To ya gama shafewa kafin a kwashi wani abu?"

Ya ce, "Wannan sai Allah, sai kuma wanda ya riƙe sukudireban."

Sakamakon shekara shida yana nan a rumbu a kulle, ba mai iya buɗe shi har abada, har da ni. Na so in yi ta'aziyyar kaina da wannan. Amma ranar Asabar aka je gidan yarinyar nan aka karɓe kayan lefe, ba a faɗi dalili ba. Ranar Lahadi mahaifiyarta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi zama.

"Hajiya," in ji ta, "ku kaɗai muka nuna wa jininmu."

Ta juya ta tafi.

Marigayin ya rasu ya bar kwamfutoci uku, marayu, waɗanda na kashe na lulluɓe da zane. Ya bar Rahma, wadda ta shekara biyar tare da ni, ni na yi mata rakiya asibiti ranar haihuwarta ta fari. Ya bar Ɗalha, ɗan yayata, wanda na goya. Ita ta ce lokacin da abin ya faru ta fita sayen abinci, shi ya ce yana masallaci. Ba a fasa ƙofa ba, kuma makullin shagon guda uku ne a duniya, nawa da nata da nasa. Tun ranar muna gaisawa, amma ba mai duban idon wani. Ya kuma bar mutum sama da dubu huɗu da sunansu ke cikin rumbun, waɗanda yawancinsu ba su san an yi rashin ba sai yanzu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a tsakar gidan shagon. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne. Mustapha zai farfasa shi da guduma a gaban shaidu har ya zama gari, sannan a binne a ramin da ni kaɗai zan san wurinsa. Ana buƙatar Rahma da Ɗalha a sahun gaba, ba a karɓar uzuri.

Zaman makoki kwana uku ne a ofishina, mutum ɗaya-ɗaya, ƙofa a rufe. Waɗanda suka yi gwaji a wata biyun nan su ne a gaba. Wanda kuma wata baƙuwar lamba ta riga ta kira shi, aka faɗa masa abin da ke cikin jininsa, kada ya jira Asabar. Ya zo yau.