Yadda Za Ka Karɓo Motarka Daga Hannun Matar Da Ka Saka

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari makullin motarka zai dawo aljihunka. Ba a littafi na kwaso su ba. A kan Alhaji Kashim aka gwada su, wani dillalin shanu da ke zaune a unguwar Gwange cikin Maiduguri, wanda ya yi wa matarsa Zainaba saki ɗaya cikin fushi, a kan maganar da yau ko shi ba zai iya tuna ta ba. Ta haɗa kayanta, ta zuba a jar motarsa, ta tuƙa kanta zuwa gidan mahaifiyarta a Mairi. Idda ta ƙare, mota ba ta dawo ba. Wata biyar Alhaji yana cusa babbar riga a keke Napep.

Mataki na 1: Nuna ba ka damu ba

Kada ka kira ta. Mace ba ta raina komai kamar namiji mai kira. Duk wanda ya tambaye ka mota a Kasuwar Shanu, ka ce likita ne ya sa ka tafiyar ƙafa. Alhaji Kashim ya yi wata biyu a kan wannan mataki, kuma ya yi nasara sosai, domin Zainaba ta gamsu cewa bai damu ba. Ta ci gaba da raba turaren wutan da take sayarwa a cikin motar, har ta canza mata labulen baya.

Mataki na 2: Fito da takardu

Takarda ita ce uwar hujja. Ka ɗauko takardun motar ka nuna wa kowa sunanka a jiki. Sai dai ka fara tunawa da inda ka ajiye su. Mai hankali yana ajiye su a cikin mota saboda masu binciken hanya, kuma Alhaji mai hankali ne. Wuce mataki na gaba.

Mataki na 3: Tara shaidu

Nemo mutanen da suka san kai ka sayi motar. A nan ka yi hattara da bakinka na baya. Shekara uku, duk abokin da ya zo aron mota don ɗaukar amarya ko zuwa ta'aziyya Konduga, amsa ɗaya Alhaji yake ba shi: "Wallahi da tawa ce da ka ɗauka, motar madam ce." Yanzu da ya zagaya neman shaida, kowa ya tarbe shi da fara'a. Wani mahauci ma ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Alhaji, ko gaban alƙali ne zan je. Sau huɗu ka rantse mini tata ce."

Mataki na 4: Yi amfani da makulli na biyu

Kowace mota tana da makulli biyu, kuma Allah ya sa ɗayan yana hannunka. Ka zaɓi tsakar rana, lokacin da zafin Maiduguri ya kora kowa ɗaki, ka lallaɓa.

Alhaji ya lallaɓa. Ya tarar da motar a gindin darbejiya, a inuwarta kuma tsohuwar surukarsa ta shimfiɗa tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ɗan mutunci ba ya wuce suruka a tsaye, ko da aure ya mutu. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Wushe, Kashim," ta yi masa sannu da Kanuri. "Ka tuna da mu?"

"Dama wucewa nake, Ya Hajja, na ce bari in gaishe ki."

Yana sunkuyawa makullin ya zame daga aljihu ya faɗi a kan tabarma. Tsohuwa ta ɗauka, ta juya shi, ta ɗaure a bakin zane. "Allah ya yi maka albarka. Dama na hannunta ya fara ba ta wahala." Ya ce amin. Ya ci tuwo, aka ƙulle masa gyaɗa a leda, ya koma gida a keke.

Mataki na 5: Kai ƙara wurin manya

Kada ka je kotu, tonon asiri ne. Je wurin Bulama, mai unguwa. Alhaji ya kai maganar gaban Bulama Madu, dattijon da ya yi shekara talatin yana sasanta mutane da Hausar da ya koya bayan ya girma. A Kanuri, mace da namiji duk "shi" ne, kuma Bulama bai ga dalilin da zai sa ya canza wannan tsari don ya koma Hausa ba.

Ya saurari Alhaji, ya saurari Zainaba, ya gyara zaman hularsa ya yanke hukunci: "Magana ya ƙare. Shi ya ba shi motan. Shi kuma ya ba shi haƙuri."

Alhaji ya yi godiya. Zainaba ma ta yi godiya, ta fita, ta tada mota ta tafi.

Mataki na 6: Nemi fassara

Idan hukunci ya yi maka duhu, koma ka tambaya cikin ladabi. Alhaji ya koma washegari. "Ranka ya daɗe, wane shi ɗin ne zai ba da mota?"

"Shi ɗin mana."

"Wa kuma zai ba da haƙuri?"

Bulama ya dube shi da tausayi. "Kashim, kai ba ka jin Hausa ne?"

A lissafin Alhaji, duka "shi" biyun Zainaba ce. Sai ga saƙonta a waya: "Alhaji, shi biyu Bulama ya ambata, ɗaya ni, ɗaya kai. Ko ka bar mini mota in ba ka haƙuri, ko ka ba ni haƙuri in ba ka mota. Zaɓi wanda ya fi maka sauƙi."

Kwana tara ya yi yana zaɓe. Mutumin da ke sasanta cinikin bijimi cikin minti biyar, sai ga shi ya rame.

Mataki na 7: Je da ƙafarka, ka faɗi kalma uku

Kalmomin su ne "ki yi haƙuri". Ka faɗe su da sauri, kana kallon tayar mota. Haka Alhaji ya yi bayan la'asar a ƙofar gidan su Zainaba, ya miƙa hannu.

Zainaba ba ta motsa ba. "Haƙurin me?"

A nan ne darasina ya ƙare, domin ban shirya shi da wannan tambaya ba. Alhaji ya fara da ranar sakin. Daga nan ya tuna ranar da ta kwanta asibiti ya aika ƙaninsa, shi kuwa ya tafi cin kasuwa. Ya tuna yadda yake kiran sana'arta "hayaƙin banza" a gaban abokansa. Ya zo ne don ya yi ƙarya, amma tun kafin ya kai rabi kunya ta gaskiya ta rufe shi. Aka kira magariba yana tsaye.

Ta shiga gida ta fito da makullai biyu ta sa masa a tafi. "Ga motarka. Wata uku kana aiko mutane su tambayi lafiyarta, ba ka taɓa cewa a tambayi tawa ba."

Ya tsaya riƙe da makulli. Sai lokacin ya gane ba shi da sauran dalilin zuwa Mairi.

"Gobe wa zai kai ki raba turaren?"

"Keke."

"Ƙarfe nawa kike fita?"

Sanarwa

Na cika alkawari, mota ta dawo hannun mai ita. Abin da ya biyo baya babu ruwana, kada wanda ya zo ƙofar gidana. Idan ka wayi gari kamar Alhaji Kashim, kullum ƙarfe bakwai kana ƙofar gida a Mairi kana jera kwalaben turare a but ɗin mota, man fetur daga aljihunka, ba ka isa Kasuwar Shanu sai an gama cinikin safe, wannan tsakaninka da zuciyarka ne. A kujerar baya Zainaba take zama, tana danna waya, domin ta ce shi yanzu baƙo ne a wurinta. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya ce ta dawo gaba, ta ce maganar kujerar gaba sai ya je ya ga kawunta. Ya riga ya kai babbar riga guga.