Ina Za Ki, Hajiya?

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da sauran ranakun duniya duk sun zube daga kaina. Kada ku tambaye ni shekara, ban yi boko ba. Na dai san damina biyu ce bayan an sake mu daga kullen korona, shekarar da ruwa ya kayar da katangarmu ta gabas, kuma ba a daɗe da rasuwar Yaya Dije ba.

Yaya Dije ita nake bi. Shekara huɗu ta yi kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ana juya ta ana shafa mata hoda, ita da ko kwanonta ba ta yarda wani ya wanke mata. To da na fara jin kamar an ɗora mini turmi a ƙirji in na ɗan yi sauri, sai hankalina ya tashi. 'Yata Binta ta kwashe ni zuwa babban asibiti.

Likitar mace ce, 'yar siririya, na tabbata na girmi uwarta. Ta ɗaure mini hannu da abin awon jini har yatsuna suka mutu, ta kwance, ta shafa wani abu mai sanyi tana duba wata 'yar talabijin. Ta yi shiru. Ni kuwa na tsani shirun likita.

"Mama, kin san shafin babbar riga?"

Na ce ni za a tambaya? Shekara arba'in ina auren maɗinki.

"To jijiyoyin jini ma suna da shafi daga ciki, siriri ƙwarai. In yana da lafiya sumul yake, shi ke sa jijiya ta buɗe in jini na son wucewa. Hawan jini da gishiri da maiƙo da yawan zama ke sa shi kaushi. Naki kuwa, da na saki ɗaurin nan, da ƙyar jijiyar ta motsa. In an bar shi haka kitse zai riƙa maƙalewa, wata rana hanya ta toshe, ko ta zuciya ko ta ƙwaƙwalwa."

Na ce, "Irin na Yaya Dije?" Binta ta sunkuyar da kai.

Ta rubuta ƙwaya biyu, ta hawan jini da ta rage kitse. Ta ce miya a rage gishiri. Duk na ɗauka. Sai ta zo da na ƙarshe: tafiya a ƙasa, rabin awa, kullum ta Allah. Wai jinin in yana gudu, shi da kansa ke gyara shafin.

Nan aka sami matsala. Tsakar gidanmu taku goma ne, in na zagaya sau biyar jiri ke ɗibata. Waje kuwa, ku da kuka san cikin birni kun sani, mace irina ba ta fita haka kawai. Daga zaurenmu zuwa bakin titi mutum bakwai za su tare ki: "Ina za ki, Hajiya? Lafiya dai?" In ce musu me? Yawo? Ni, da aka yi wa auren kulle, da ko kasuwa ban taɓa takawa ba sai bayan na aurar da 'ya'ya? Gobe a ce tsohuwar gidan Malam maɗinki ta fara ruɗewa, an gan ta tana zagaye gari ba aike ba saƙo. (Na san za a faɗa, don ni ma na taɓa faɗa a kan wata. Allah ya yafe mini.)

Sai na yi dabara. Kullum in nemo dalili. Yau barka a Ƙofar Doka, gobe duba marar lafiya a Gyallesu, jibi sada zumunci da wata 'yar ƙanen kakata da rabona da ita tun tana goyo. Mutane har yabona suke yi, wai Hajiya ta riƙe zumunci. Ko'ina na shiga kuma a dire mini cincin da soyayyen nama, in ƙi ci a ce na raina, in ci in dawo gida ina jin kamar ina ganin maiƙon yana liƙewa a shafin nan.

Mako shida, dalilai suka ƙare. Duk mai jego na yi mata barka, wata har sau biyu. Marasa lafiya suka warke suka bar ni. Na yi kwana uku ban fita ba, a na huɗu turmin ya dawo ƙirjina tun ina kan sallaya. Na tuna hodar Yaya Dije. Na ɗauki mayafi na fita da hantsi, ban shirya ƙaryar komai ba.

Ban yi taku ashirin ba sai ga Tasalla, maƙwabciyarmu, a bakin zaurensu.

"Ina za ki, Hajiya, da sauri haka?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ta'aziyya."

"Inna lillahi! Wa ya rasu?"

"Can ne... wajen Ƙofar Jatau."

"Tsaya in ɗauko mayafina."

Jama'a, Tasalla ba ta taɓa bari ta'aziyya ta wuce ta ba, ko ta wanda ba ta sani ba ce. Na ce ai da nisa. Ta ce mu hau keke. Na ce tafiya a ƙasa ta fi lada. Ta ce wallahi gaskiyata. Muka kama hanya, tana tambaya wane ne, ina cewa bari dai mu isa, bakina ba zai iya faɗa ba. Ita kuwa ta ɗauka tsananin jimami ne, har tana dafa mini kafaɗa.

Ban taɓa tafiya mai tsawon wannan ba. Gumi na bin bayana, zuciyata na dukan haƙarƙarina. Ina cewa a raina, yau in na faɗi a hanyar nan, a kan ƙarya zan cika. Kowane lungu muka shiga ina leƙen ƙofar gidaje ko zan ga tabarmi. Sai da na kama kaina ina fatan a ce wani ya mutu. Astagfirullah! Ni da carbi a hannu.

Can sai ga tabarmi. An shimfiɗa su reras a ƙofar gidan Malam Tanimu magini, maza zaune, wasu da Alƙur'ani a hannu. Malam Tanimu kuwa kowa ya san wata biyu yana asibiti da ciwon zuciya, har an ce ba ya gane mutane. Na ce a raina, Allahu akbar, bawan Allah ya tafi. (Ba zan ɓoye muku ba, abin da na fara ji sauƙi ne. Tausayin daga baya ya zo.)

Na ce wa Tasalla, "Nan ne."

Muka rusuna wa mazan na ce, "Ya haƙuri?" Suka dubi juna. Wani ya ce, "Alhamdu lillahi," a hankali. Ban tsaya ba. A ciki mata na ta girki, ana dariya, ga ƙamshin naman rago. Na ce oh, mutanen zamani, ko kwana uku ba a bari. Na nufi Asabe, matarsa, na kama hannayenta biyu, na sassauta murya yadda ake yi.

"Asabe, sai haƙuri. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Ya sha jinya, Allah ya sa kaffara ce."

Tasalla ta fashe da kuka, tana cewa mutumin kirki, shi ya gina musu ɗakin girki.

Sai wata murya daga gindin bishiyar lemo ta ce, "Amin, Hajiya, na gode. Amma a ɗan jinkirta."

Na juya. Malam Tanimu ne, zaune a kujera, da sabuwar hula, yana ɓare lemo. Jiya aka sallamo shi. Saukar Alƙur'ani ake yi ta godiya.

Tasalla ta ƙwala ihu ta yi bayan randa. Asabe ta fizge hannunta.

"Hajiya, wa ya ce miki ya mutu? Faɗa mini sunansa yanzu! Ko fata kike masa?"

Na zauna daɓas a kan wani turmi da aka kife. Ƙirjina ya riƙe. Wata na yi mini fifita, wata ta kawo ruwa, Asabe kuwa na tsaye a kaina tana jiran suna. In na ambaci wani, na haɗa gaba tsakanin gidaje biyu. In na yi shiru, na zama mai yi wa mutane fatan mutuwa. A gaban mata sun fi talatin na buɗe baki na faɗi komai: shafin jijiya, rabin awa, barka sau biyu, har leƙen tabarmi.

Malam Tanimu ya yi dariya har sai da Asabe ta ce ya bi a hankali. Da ya lafa ya ce, "Hajiya, bara ni ma haka aka ce mini. Na ce ni dattijo ba zan riƙa gararamba kamar wanda akuyarsa ta ɓata ba. Kin ga inda kunyar ta kwantar da ni. Ki yi tafiyarki."

A keke aka mai da ni gida. Da yamma Binta ta kai ni asibiti a duba ƙirjin. Likitar ta ji labari ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa, sannan ta ce zuciyar ba ta taɓu ba, amma kada in sake zama da irin wannan nauyin ban zo ba.

Washegari na fita, wani ya ce ina za ki, na ce, "Yawo. Likita ta sa ni." Ya ce, "Allah ya ƙara lafiya," ya ci gaba da gyaran babur ɗinsa. Shi ke nan fa! Abin da na yi mako shida ina gudu ke nan. Daga baya da aka sake ɗaure hannun, likitar ta ce jijiyar ta ɗan fara buɗewa. Ƙwaya dai har yau ina sha. Ta'aziyya kuwa, yanzu ba na buɗe baki sai na ji mata uku sun riga ni.

Tasalla ta rasu azumin bara, sai da na tabbatar sannan na shiga ta'aziyya. Asabe na nan, gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya lau". Malam Tanimu ma yana nan, ya fi ni ƙwari. Duk sanda muka haɗu a hanya, shi da sandarsa ni da carbina, tun daga nesa yake ɗaga hannu: "Hajiya, a yi haƙuri, har yanzu dai ban samu tafiya ba."