Jitar da Ba Ta Kwana a Waje

A Tudun Bagaruwa, can bayan makarantar firamare, akwai wani gida mai mutum uku: Inna Tasalla, da ɗanta na fari Arzika tela, da autanta Nomau. Nomau dai gemu ya fito, ƙarfi kuwa kamar na bijimi, amma abin da aka faɗa masa shi ke nan, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin tsamiya ka manta, gobe a can za ka same shi. Ba shi da mugunta ko kaɗan, kuma duk duniya ba wanda yake so kamar yayansa.

Shi Arzika ba makaɗi ba ne, ɗinki ne sana'arsa. Sai dai yana da wata jita da ya sayo gwanjo, irin mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ake kira bes. Ba ya zuwa biki da ita, don kansa yake kaɗawa. Kullum bayan la'asar sai ya zauna a kan kututture a tsakar gida, ya jona ta da sifikar abokinsa Dogara mai gyaran rediyo, ya lumshe ido. Sautinta ƙasa-ƙasa yake bi, sai ka ji shi a ƙirji kafin ya iso kunne. Ita kuwa Inna daga madafi sai ta ɗaga murya: "Wane ne kuma ke wannan gurnani, yana firgita mini kaji?" Ta san ko wane ne sarai. Amma ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta kama sunansa, balle ta ce kiɗan ya yi daɗi.

Ranar da Arzika zai tafi Jos buɗe shago, ya yi alkawarin ba zai dawo ba sai da langa-langar rufin ɗakin Inna. Ya rataye jitar a ƙusa, ya dafa kafaɗar ƙanensa.

"Nomau, amana ce. Kada ka bari ta sha zafi. Kuma kada ta kwana ko'ina sai ɗakin nan, ka ji?"

"Na ji, Yaya."

Wanda ya san Nomau ya san an gama magana.

Wata rana da bazara, gari ya ɗau zafi har ƙadangaru sun ɓuya. Nomau ya taɓa jikin jitar ya ji ɗumi, hankalinsa ya tashi. Ya yi ta tunanin inda ya fi ko'ina sanyi a garin, har Allah ya nuna masa rijiya. Ya ɗaura mata igiya a wuya, ya zura ta har dab da ruwa, ya zauna a baki yana riƙe. Mata suka zo ɗiban ruwa, ya ce a dakata, jitar Yaya tana shan iska. Tuluna suka yi layi, abincin rana ya makara a rabin unguwa, sai da aka kirawo Dogara.

"Kai Nomau, itace ne fa! Danshi zai lanƙwasa mata wuya!"

"Yaya zafi ya ce. Bai ce danshi ba."

Da ƙyar aka jawo ta. Tun daga ranar, in rana ta take, za ka ga Nomau a ɗaki da mafici yana yi wa jita fifita, shi kuwa gumi na zuba.

Wata rana kuma, bayan damina, Dogara ya leƙo ya ga tsirkiyoyin sun yi baƙi, sautinsu ya dushe. Ya kwance su, ya naɗe, ya miƙa wa Nomau. Ya ce masu bes haka suke yi in ba sababbi: a dafa su a ruwa, datti ya fita, murya ta dawo. Nomau kuwa bai taɓa ganin an dafa abu a gidansu salam ba. Da Inna ta shiga salla, sai ya zuba su cikin tukunyar miyar kuka, ya ƙara gishiri da daddawa don kada a ce ya yi wa Yaya rowa. Aka sauke tuwo, aka tsayar da Dogara ya ci. Lomarsa ta farko ta taso da ƙarfe yana ɗigar yauƙi.

"Sun nuna?" in ji Nomau.

Dogara ya yi dariya har ya ƙware. Ya wanke su, ya shanya, ya mayar. Muryar ta dawo kuwa, sai dai an yi wata guda kuliyoyin unguwa suna sintiri a ƙofar ɗakin.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Da farko Arzika yakan kira wayar Dogara duk Juma'a, daga baya sai da salla, daga nan shiru. Nomau yakan je bakin titi ya duba masu saukowa daga mota ɗaya bayan ɗaya, ya dawo jiki ba ƙwari. Kewa ta dame shi, kuma shi ba ya ɓoyewa. Inna ce ba ta taɓa tambaya ba, ko sau ɗaya.

Wata rana Dogara ya ce masa kayan kiɗa in an bar su a rataye mutuwa suke yi, ya riƙa kaɗa ta kullum yadda yayansa ke yi. Nomau ya ɗauko sifika bayan la'asar, ya zauna a kan kututturen, ya lumshe ido, ya shiga kaɗa tsirkiya ɗaya tilo, dum, dum, dum, don iyakar iyawarsa ke nan. Can sai ya tsaya, ya nufi madafi fuska a murtuke.

"Inna, ba ki yi faɗa ba."

"Faɗan me?"

"Yadda Yaya ke yi aka ce. In yana kaɗawa kina faɗan kaji. Ba ki yi ba, abin bai cika ba."

Inna ta buɗe baki. Ta kai ga "Wane ne kuma," sai ta kasa ƙarasawa. Ta juya masa baya tana share ido, ta ce hayaƙi ne, ya tafi ya ba ta wuri. Nomau ya duba murhu, ya ga ko wuta ba a hura ba, ya rasa gane wannan irin hayaƙi.

Wata rana, kwatsam, sai ga kiran Arzika a wayar Dogara. Murya can ƙasa, kamar mai jin kunyar wayar.

"Nomau, jitar nan ka ba da ita. Ni da kiɗa mun rabu. Ka ba wanda ya fi kowa sonta."

Nomau ya yi kuka, sannan ya saɓa ta a baya ya shiga gari gida-gida, yana tambaya wa ya fi kowa son jitar nan. Mahauci ya ce ai Arzika. Mai shayi ya ce Arzika mana. Matan da ya hana ruwa ma suka ce wa zai so wannan jaraba in ba Arzika ba. Da asuba Nomau ya shiga motar Jos.

Direban garinsu ya san inda ake ganin Arzika, ya kai shi har wurin. Ashe shago ya daɗe da rufewa. Ga Arzika nan a bakin kasuwa, ya rame, keken ɗinki na hannu a kafaɗa, yana yawon facin kaya. Nomau ya miƙa masa jitar da hannu biyu.

"Ga ta, Yaya. Na tambayi kowa, kai aka ce."

Arzika ya ajiye keken. Ya rungume ta, ya ja tsirkiya mai kauri da ɗan yatsa. Ba sifika, ba wanda ya ji komai a hayaniyar nan, amma shi ya ji ta a haƙarƙarinsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Na karɓa. Ka koma gida, ka gaida Inna."

"To tashi mu tafi. Ba ta kwana ko'ina sai ɗakin can."

"To ka koma da ita."

"Ba zan iya ba, na riga na ba da ita."

Nomau ya zauna daɓas a ƙasa a tsakiyar hanya, masu baro suna zagaye shi suna tsaki. Arzika ya yi lallashi, ya yi faɗa, a banza. Daga ƙarshe ya tsuguna, ya faɗi abin da ke cin sa.

"Da wane ido zan dubi Inna? Ko falle ɗaya na langa-langa ban saya ba."

"Ba ta tambayi rufi ba. Kai ma ba ta tambaye ka ba," in ji Nomau. "Sai dai kullum tana kwashe maka tuwonka ta rufe. Da safe ta ce in cinye. Yaya, wallahi na gaji da ɗumame."

Arzika ya dubi jitar, ya dubi ƙanensa. Sannan ya miƙe, ya miƙa wa ƙanensa keken, shi ya rataya jitar.

Rana ta yi ja suka shiga gida. Inna na madafi tana tuƙi. Arzika ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa da "sannu da hanya" ba ta ko ɗago ba, sai ka ce daga kasuwar ƙauye ya dawo. Nomau ya ruga ya kinkimo sifika, Dogara na biye da shi ba ko hula. Arzika ya zauna a kan kututturen, ya ɗan murɗa kunnuwan jitar har ta daidaita, ya lumshe ido.

Sautin ya bi ƙasa ya ratsa gidan. Kaji suka watse. Nomau ya zuba wa ƙofar madafi ido, ya ji muciya ta tsaya. Sai ga muryar Inna, tana rawa amma da ƙarfinta:

"Wane ne kuma ke wannan gurnani, yana firgita mini kaji?"

Nomau ya sauke ajiyar zuciya, ya dubi Dogara.

"Yauwa. Yanzu ya cika."