Dajin da Na Shuka a Bayan Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban malamai da ɗalibai da iyayensu, na tabbatar musu cewa akwai ƙungurmin daji a unguwarmu. Unguwarmu kuwa Harra ta Yamma ce, a nan Madina, inda in ka ga inuwa da rana tsaka, to ta katanga ce.

Ina shekara ta uku a jami'a lokacin, a sashen nazarin ƙasa da taswira. Ni irin ɗaliban nan ne da ba a jin muryarsu sai an zo kiran suna. Littafina kullum tsaf, ko a takardar gwaji sai na ja layi da rula (har yau ban daina ba). A shekarar ne malaminmu, Duktur Hamza, ya ce zai ɗauki ɗalibai biyu su taya shi wani aiki: zana taswirar dazuzzuka da fadamun can arewacin duniya, ƙasashen ƙanƙara, ta hanyar amfani da hotunan radar na tauraron ɗan'adam. Ya ce zai zaɓa ne ranar baje kolin ayyukan ɗalibai. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so gurbin nan ba.

Radar ɗin ba hoto yake ɗauka irin na waya ba. Tauraron yana aiko da sigina ƙasa, sai ya saurari abin da ya dawo, shi ya sa gajimaren ƙasashen nan ba ya hana shi gani. In siginar ta faɗa kan ruwa mai kwance sumul, sai ta zame ta wuce ba ta dawo ba, wurin ya fito baƙi. In ta faɗa cikin rassan itatuwa, sai ta watsu ta dawo da yawa, wurin ya fito da haske. Baƙi ruwa, haske daji. Na haddace wannan kamar karatun allo, na koya wa kwamfutata, ita kuma ta riƙa shafa wa daji kore, ruwa shuɗi.

Tsabtar aikina ce ta kai ni ta baro. Na ga sunayen hotunan da zan yi aikin baje kolin da su dogaye ne, babu tsari, sai na goge su duka na ba su lamba, ɗaya zuwa ashirin. Na manta cewa a makon farko Duktur ya ba mu wani ɗan yanki na hoton Madina don mu koyi buɗe shi, kuma yana nan kwance cikin sauran. Shi ya zama lamba goma sha bakwai. Da kwamfutar ta gama shafa masa launi, wallahi sai da na tafa. Kore shar, kogi ya ratsa ya lanƙwasa, ga wani tafki a gefe. Tafkin yana da kusurwa huɗu daidai wa daida, abin da ya kamata ya tsayar da duk mai hankali. Ni kuwa sai na zauna na rubuta shafi biyu ina bayanin cewa madatsar ruwa ce da mutanen wurin suka gina.

Babana direban tasi ne. Tun kafin a haife ni yake jigilar alhazai tsakanin masaukansu da wuraren ziyara, babu lungun garin nan da bai san raminsa ba. Bai taɓa gane me nake karanta ba, yakan ce wa maƙwabta, "Yaron nan taurari yake karantawa." Da na ce ana gayyatar iyaye, na faɗa ne don fita hakki, ina tsammanin zai ce yana da aiki. Sai ga Umma ta goge masa farar jallabiya tun ana jibi.

Ranar ya zauna a layin gaba, ya ɗora makullin mota a gwiwa. Ni kuma na hau, na fara bayani da Larabci. Hoto na farko ya wuce lafiya, na biyu ma. Na ga Duktur yana gyaɗa kai, sai na ji wani ƙarfi ya shige ni. Na ajiye lamba goma sha bakwai a ƙarshe, don ita ce amaryar.

"Wannan," na ce, har da ɗaga murya, "shi ne daji mafi cika a duk abin da na duba. Ga kogi, ga madatsa."

Sai na ga Baba ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. Bai jira an ba shi izini ba. Da Hausa ya yi maganar, da muryarsa ta kiran fasinja.

"Kai, ya waladi, ɗana, wannan kogin naka ba shi ne titin da nake bi in sauke ka kullum ba?"

Na ce a hankali, "Baba, don Allah, sai mun je gida."

"A'a, tsaya. Ga kwanar nan, ga inda yake rabuwa biyu. Wallahi shi ne."

Duktur ya dube ni ya ce, "Me ammi yake cewa?" (Haka suke girmama dattijo, wato baffa.) Da ni mai wayo ne da na ce addu'a yake sa mini. Amma ni mutum ne da ba ya iya barin kuskure ko a waƙafi, don haka na tsaya na fassara tonon asirina da bakina, kalma bayan kalma, ban rage komai ba.

Duktur ya ce wa Baba ya taso. Baba ya zo gaban allon, ya mai da makullin mota abin nuni. "Wannan tafkin, filin da bas-bas ɗin alhazai ke tsayawa ne. An malala masa kwalta sumul, ko ɗigon ruwa babu. Wannan koren kuma duwatsun Harra ne." Ya matsar da makullin kaɗan, ya juyo gare ni yana murmushi. "Nan ne ka fasa gwiwa kana ɗan shekara shida. Ga gidanmu ma a cikin dajin, ma sha Allah."

Ina fassarawa, Duktur yana duba asalin hoton a kwamfutarsa. Da ya ɗago, kafaɗunsa ne suka fara rawa kafin dariyar ta fito. Daga nan ɗakin ya ɗauka. Ni dai na ƙura wa takalmina ido ina roƙon ƙasa ta tsage, amma ƙasar Madina dutse ce, ba ta tsagewa da sauƙi.

Da aka lafa, Duktur ya ce na'urar ba ta yi ƙarya ba. Baƙaƙen duwatsun nan masu kaushi da gine-gine suna watsa sigina kamar rassa, kwalta kuma tana zamar da ita kamar ruwa. "Tauraron ya faɗi abin da ya ji," ya ce, "kai ne ba ka tambayi ƙasa ba." Na riga na yi wa gurbin nan sallama a zuciyata. Sai ya ƙara da cewa ya ba ni mako guda in je in taka kowane yanki na hoton da ƙafata, in rubuto abin da ke wurin. In rahoton ya yi kyau, zai duba maganata.

Baba ne ya kai ni, kullum bayan la'asar. Ina gaba da taswira da rula, shi yana tuƙi yana shan shayinsa. Duk sanda za mu hau titin nan sai ya rage gudu ya ce, "Ɗage jallabiyarka, Malam, za mu tsallaka kogi." A filin bas-bas kuwa sai da ya tambayi wani direba ko kifi na kamuwa yau. Amma shi ya nuna mini inda duwatsu suka ƙare yashi ya fara, da wata 'yar gonar dabino da kwamfutata ta haɗe da duwatsun, itatuwa na gaske kaɗai a duk hoton. Rahoton ya kai shafi talatin, kuma a shafin farko na rubuta sunan Baba a matsayin jagoran aiki.

Na samu gurbin. Shekara guda na yi ina zana fadamun da ban taɓa takawa ba, kuma ban sake goge sunan hoto ko ɗaya ba. Sai dai a gida sunan ya zauna. Har yau in Umma ta shanya kaya a bayan gida sai ta ce, "Shiga daji ka kwaso mini, ka kula da zaki."

Abin da na koya shi ne, kafin ka ba mutane labarin ƙarshen duniya, ka fara leƙa tagar ɗakinku. In kuma ba za ka leƙa ba, to kada ka zaunar da direban tasi a layin gaba.